Hular da ke Kan Jan Famfo

Firji ɗaya ne a wannan ɗakin bincike na jami'a, kuma Ouma suke ce masa, wato kaka. Tun da aka raɗa sunan, kowa "ita" yake cewa. Ta tsufa, ba ta kuma son gaggawa. Ba irin firjin da ake ajiye madara ba ce. Doguwar tukunya ce fara, rataye a jikin ƙarafa a tsakiyar ɗaki, bututai na fita daga kanta suna shiga bango. In an kunna ta sai ta yi kwanaki tana numfashi, cik, cik, cik, kafin cikinta ya kai sanyin da ake so. Can ƙasan cikin nata ake ɗaura cip, ɗan fallen kwamfuta da bai kai farcen yatsa ba. Wayoyin da ke cikinta na cip ɗaya ne, don haka layi ake bi.

A gefen injinta akwai wani famfo mai jan mariƙi. Shi ake fara murɗawa in za a ɗumama ta. Tun zamanin ɗaliban farko na Farfesa Marais aka saba, duk wanda cip ɗinsa ke ciki sai ya kifa hular sanyinsa a kan mariƙin nan ta rufe shi ruf. Muddin hula na nan, babu mai cire ta sai mai ita, ko da Farfesa ce. In ya gama, shi zai cire tasa, ya karɓi ta wanda ke biye da shi, ya kifa masa da hannunsa. Ba a taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, ba a kuma taɓa saɓa shi ba.

A wannan hunturun, hular da ke kan famfon ta Luyolo ce, ruwan toka mai ratsin kore, wadda mahaifiyarsa ta saƙa masa a ƙauyensu Tsolo shekarar da zai taho karatu.

Luyolo mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Shekara ta huɗu ke nan yana fama da kubit guda ɗaya, wato 'yar ƙwayar da ke riƙe bayani a jikin cip. Shi kubit abu ne mai saurin firgita. Ɗumi kaɗan, ko rawar waya, ko jirgin ƙasa ya wuce can bayan gonakin inabi, sai ya manta abin da aka ba shi ya riƙe. Irin wanda Luyolo ke aiki a kai an gina shi ne yadda hayaniya ba ta isa gare shi. Sai dai abin da ya ɓuya wa hayaniya, mai shi ma ya ɓuya masa. Ka aika masa umarni ya juya, ya yi kamar ba da shi kake ba. Dabarar Luyolo ita ce ya ɗan leƙo da shi daga maɓoyarsa, ya juya shi, ya mayar da shi tun hayaniya ba ta ankara ba. A kan takarda abin ya yi kyau. A cikin Ouma kuwa ya daɗe yana ƙi.

Ba dabarar ce ta gaza ba. A jikin kowane cip akwai ƙananan tabo da ido ba ya gani. Duk sanda aka sanyaya shi sai su zauna inda suka ga dama, in an ɗumama su tashi su sake wuri. Sau da yawa Luyolo na sa cip ɗinsa, wani tabo ya zo ya zauna dab da kubit ɗin yana damun sa. A wannan karon ne kawai suka yi nisa gaba ɗaya. Kuskuren juyin ya yi ta sauka har ya kusa ɗaya cikin dubu, abin da bai taɓa gani ba. Sau ɗaya ya auna. Awo ɗaya kuwa babu mai karɓa. Sai ya maimaita, ya sake maimaitawa, a cikin wannan sanyin da bai katse ba. In ya samu haka, digirinsa ya kammala.

Mai biye da shi a layi Faldie ne. Rana ɗaya suka shigo ɗakin nan, tebur ɗaya suka raba shekarar farko. Faldie ɗan unguwar Salt River ne, mai surutu, mai dariya da dukan jikinsa. Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci yakan shigo da gatsbi, dogon burodi cushe da soyayyen dankali da nama, su raba biyu a kan matakala.

Wannan Juma'ar ruwa ake yi tun safe. Suka zauna ƙarƙashin rumfa, Faldie na yanka burodin da wuƙar aljihu.

"Ɗan ƙauye, ga naka. Na ba ka wajen da ya fi yaji, ko jininka ya motsa."

"Kullum haka kake cewa, kullum kuma naka ya fi tsawo."

"Ni ke zuwa sayowa a cikin ruwa. Ladan ƙafa ne." Faldie ya ninke wuƙar ya sa a aljihu. "Mutumina, mutanen nan na kamfanin Turai sun sa rana. Ƙarshen wata za su zo. Mutum ɗaya za su ɗauka."

"Kai za su ɗauka."

"In sun ga cip ɗina yana aiki. Ba hoto suke so ba, so suke su tsaya a bayana su ga layin awo na motsi a allo." Ya kalli Luyolo. "Ara mini Ouma. Suna tafiya in mayar maka da ita, har in share mata jiki."

Luyolo ya ajiye burodinsa a kan takarda. "Ka san abin da kake roƙo."

"Na sani."

"In ta ɗumama, shi ke nan. Ba cip ɗin nake ji ba, wannan sanyin nake ji. Ka ba ni mako biyu."

"Mako biyu sun wuce ranar."

"Ka roƙe su su ɗaga."

"Ni wa? Ɗan mai ɗinki daga Salt River ya ce wa Turawa su ɗaga jirgi?" Faldie ya yi dariya, ya goge hannunsa a wando. "Bar shi. Na dai tambaya ne. Ci abincinka, kada ya huce."

Luyolo ya ɗauka maganar ta mutu a nan.

Mako na gaba dole ta kama shi ya je gida. Ƙanensa zai fito daga dajin kaciya, ya zama namiji bisa al'adarsu, kuma tun da mahaifinsu ya rasu Luyolo ne zai tsaya a ƙofar garke ya tarbe shi. Ba abin da ake aika wakili ba ne. Ya tsara awon yadda na'ura za ta ci gaba da kanta, ya nuna wa Faldie abin da zai riƙa dubawa safe da yamma.

"Ruwan sanyin nan na tulun gefe, kada ka bari ya yi ƙasa. In masu wuta sun ɗauke, ka leƙa ka ji janareta ya tashi."

"Malam, ni ma a ɗakin nan na girma. Tafi ka yanka sanka. Ka taho mini da ƙirji, ban son ƙashi."

Luyolo ya gyara zaman hular a kan famfon, ya dafa jikin Ouma kamar yadda ya saba, ya ɗauki jakarsa ya nufi tashar bas.

A Tsolo rana ta fito amma iska na yanka kunne. Ran Asabar gidan ya cika. Mata na guɗa, maza na waƙa da sanduna a hannu, ƙanen nasa na zaune a kan tabarma lulluɓe da sabon bargo, kansa a sunkuye, dattawa na yi masa nasiha ɗaya bayan ɗaya. Luyolo ya gama tasa ke nan wayarsa ta yi rawa a aljihu. Ya zagaya bayan garke.

"Mutumina." Muryar Faldie ta yi ƙasa. "Kana zaune?"

"Faɗi kawai."

"Wuta ta ɗauke. Janareta bai tashi ba. Kafin in iso, Ouma ta yi nisa."

Luyolo ya nemi dutse ya zauna. Daga inda yake yana ganin hayaƙin tukwane da yara na bin wani ɗan akuya. Ya ji kamar an zare masa wani abu daga ciki a hankali.

"Har ina ta kai?"

"Ta wuce inda za a dawo da ita. Na yi iya yina."

"Na sani."

"Da na kwana a can..."

"Faldie, ba kai ka ɗauke wuta ba. Kada ka sa wa kanka." Ya ja numfashi. "Tunda ta ɗumama, ka buɗe ta. Ka fara shirya naka, kada mu yi asara biyu. Hular dai ka bar ta, ina zuwa."

"Ba zan taɓa ta ba."

Da ya koma cikin taro mahaifiyarsa ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Wa ya rasu?" Ya ce babu kowa, wani aiki ne ya lalace. Ta ce to ya ci nama, aiki ba ya ƙarewa. Ya ci. Ya kuma sa aka ware ƙirji mai kyau aka naɗe masa a leda. A doguwar hanyar dawowa, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda muryar abokinsa ta karye a waya. Ya yi ta shirya kalmomin da zai kwantar masa da hankali.

Ya iso da hantsi. Ɗakin shiru, babu numfashin Ouma. An sauke tukwanen da suka rufe ta an jera a ƙasa, cikinta na zinariya a buɗe. Faldie na durƙushe a ƙarƙashi da ɗan sukundireba a baki. Cip ɗin Luyolo na cikin akwatinsa a kan tebur, an rufe shi da kyau, an ma rubuta sunansa a murfi.

Faldie ya miƙe. Idanunsa sun faɗa. "Ka dawo."

"Na dawo. Ga ƙirjinka, babu ƙashi. Mama ta ce in gaishe ka, ta ce yaushe za ka zo ka ga shanu da idonka."

Faldie ya karɓi ledar, ya rasa inda zai ajiye ta. "Ka gani, hularka na nan yadda ka bar ta."

"Na gani. Kawo taka."

"Ba sai yau ba. Ka huta tukuna."

"Kawo mana. Ranar baƙinka na matsowa. Ɗayanmu dai ya samu."

Faldie ya zaro hularsa baƙa daga aljihun riga, ya riƙe ta da hannu biyu. Luyolo ya taka zuwa gefen injin, ya kama tasa ta tsakiya ya ɗaga. Ta ɗan maƙale. Ya ja a hankali, wani zare kore ya tsinke ya zauna a jikin ƙarfen.

Jan mariƙin a gicciye yake.

Ya tsaya yana kallon sa. Ranar da zai tafi a miƙe ya bar shi, kamar yadda yake zama duk lokacin da Ouma ke cikin sanyi. In wuta ta ɗauke, iskar da ke sanyaya ta da kanta take tserewa ta bututun gaggawa ta koma tanki, babu mai zuwa kusa da jan famfo. Ba a murɗa shi sai injin na aiki, sai da wuta, sai mutum ya zo ya tsaya da ƙafafunsa ya yi niyya. Ya juya hular ya duba cikinta. Ulun ya murɗe wuri guda, baƙin man ƙarfe ya shafe shi.

Bai juyo ba ya ce, "Wace rana wutar ta ɗauke?"

"Na faɗa maka. Asabar."

"Janareta bai tashi ba."

"Bai tashi ba."

"To wa ya murɗa wannan?"

Can waje wata mota ta wuce a kan jiƙaƙƙen titi. Luyolo ya juyo. Faldie na kallon mariƙin kamar yau ya fara ganin sa. Hular da ta ɓoye shi ga kowa ta ɓoye shi har ga wanda ya murɗa, ya manta bai mayar ba.

"Ban cire ta ba," in ji Faldie.

"Na ga ba ka cire ba."

"Wallahi ban cire ba, Luyolo. Ko ɗaga ta ban yi ba."

"Ta samanta ka kama ka murɗa."

Faldie ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Ledar naman na kan cinyarsa. "Na tsaya a nan na daɗe. Na miƙa hannu in cire, hannun ya ƙi. Sai na ce ai dokar hula ce, ba a ce..." Bai ƙarasa ba.

"Awon fa? Ya kai ina kafin ka tsayar?"

"Bai yi nisa ba."

"Tun ranar da na tafi ke nan."

"Da yamma."

Luyolo ya gyaɗa kai. Wato yana cikin bas, bai ma wuce duwatsu ba. Wato ran Asabar da aka kira shi bayan garke, Ouma ta riga ta kwana biyu da ɗumi, abokinsa na jiran lokacin da labarin zai yi kama da gaskiya. Shi kuma ya zauna a kan dutse yana ba shi haƙuri.

"Za ta sake yi maka," in ji Faldie da sauri. "Dabararka ce ta yi aiki, ba sa'a ba. Kai ka faɗa da bakinka. Ka mayar da shi wata mai zuwa ka ga. Ni kuwa in na rasa wannan, babu wata. Mama ta gaji da keken ɗinki, idonta ya fara tafiya. Kai ka san gidanmu, ka ci abinci a ciki."

"Na sani. Shi ya sa na bar maka ita."

"Na roƙe ka."

"Ka roƙa. Na ce a'a."

Babu wanda ya ɗaga murya. Faldie ya miƙe, ya miƙo baƙar hularsa. Luyolo ya dube ta, ya dubi mariƙin. Ya ninke tasa ya sa a aljihu.

"Kifa da kanka. Hannunka ya san wurin."

Ya fita ya bar shi a tsaye.

Farfesa Marais ta saurare shi a ofishinta har ya gama, ba ta katse shi ba. Mace ce mai furfura, wadda ta kifa hular farko a ɗakin tun tana da ƙuruciya. Ta cire gilashinta ta murza ido.

"Ni ma ce mini ya yi janareta ne. Ban je na duba ba, don ban taɓa tunanin akwai abin dubawa ba." Ta mayar da gilashin. "Zan iya fitar da shi daga layi yau. Ka mayar da naka gobe. In ka ce haka, haka za a yi."

"Zai dawo mini da sanyin, Farfesa?"

"Ka san amsar."

"To a bar shi ya sa."

"Ba don ya cancanta ba."

"Ba don shi ba ne. Ba na son in shiga ɗakin a makon nan."

Faldie ya kifa hularsa da hannunsa, abin da ba a taɓa gani ba a ɗakin. Sauran ɗalibai suka lura, hira ta riƙa mutuwa in ya shigo wurin shan shayi. Baƙi suka zo ƙarshen wata, suka tsaya a bayansa, suka ga layi na motsi. Suka ɗauke shi.

Da layi ya dawo kan Luyolo, hunturu ya fara ja da baya. Ya ɗaura cip ɗinsa, ya rufe tukwane, ya jira Ouma ta gama numfashinta. Da ta kai ƙasa ya aika juyi na farko, ya zauna yana kallon allo. Wani tabo ya dawo ya zauna dab da kubit ɗin. Kuskuren ya koma inda yake bara. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, ya rage tsawon leƙowar, ya ƙara. Bai motsa ba. Awo ɗaya mai kyau yana nan a na'ura, shi kaɗai, babu ɗan'uwansa. Farfesa ta ce za ta nema masa ƙarin shekara, za su yi ta sanyayawa har a dace. Ya kira gida ya ce kada a sa ran bikin digiri bana. Mahaifiyarsa ta tambaya ko yana cin abinci.

Juma'ar ƙarshe kafin jirginsa, Faldie ya shigo da gatsbi a hannu. Ya yi aski, ya sa sabuwar riga. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Ɗan ƙauye. Na sa an ƙara yaji."

"Na ci abinci."

"Rabi ne kawai. Kai za ka yanka yau, ka ɗauki mai tsawon."

"Na gode. Na ƙoshi."

Faldie ya shigo ya ajiye burodin a gefen tebur. Idonsa ya kai gefen injin, ya tsaya cak. Babu hula a kan jan famfo. Wata 'yar sarƙa ce ta zagaye mariƙin ta ɗaure shi da bututu, ga ƙaramin kwaɗo sabo fil rataye a jiki, irin wanda ake sa wa akwatin makaranta.

"Mutumina," in ji shi a hankali, "har da kwaɗo? Ai na tafi."

"Wani zai zo."

"Hular fa?"

Luyolo bai ɗauke ido daga allo ba. Hular na kansa, ya ja ta har kunne. An wanke ta, amma baƙin man bai fita duka ba, wurin da zaren ya tsinke kuma ya fara warwarewa.

"Ɗakin da sanyi," ya ce. "A kai take zama yanzu."

Faldie ya ɗan jira ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba. Ya fita ya ja ƙofa. Ouma ta ci gaba da numfashinta, cik, cik, cik, burodin kuma na gefen tebur a naɗe cikin takardarsa har ya huce.